Yadda za ku nemi bashin sayen gida a Amurka idan matarka ko mijinki bai jima da zuwa ba

Sayen gida da bashin banki a Amurka, abin da muke cewa mogej, takarda biyu ce ba ɗaya ba, kuma yawancin ruɗanin da nake gani tsakanin 'yan'uwanmu a nan daga rashin raba su yake tasowa. Akwai takardar bashi, wadda ka sa hannu ka ce na ci bashi kaza zan biya cikin shekara 30 ko 15. Akwai kuma takardar mallaka, ita ce ke faɗin gidan na waye. Mutum zai iya shiga takardar mallaka ba tare da ya shiga ta bashi ba. Toh idan ka ɗauko matarka daga Kano ko Zinder ko Kumasi ba ta fi shekara da sauka ba, ko ke ce kika ɗauko mai gidan, tambayoyin da za ku zauna ku warware guda biyu ne daban daban, waye zai shiga bashin, sannan waye zai shiga mallakar. Zan riƙa magana kamar da namiji nake saboda haka aka fi samu, amma duk abin da na faɗa ya shafe ki ke ma 'yar'uwa idan ke ce kika riga zuwa.

Mu fara da takardun zama, don nan banki zai fara dubawa. Idan tana da girin kad, ko da kuwa mai sharaɗi ne na shekara 2 wanda ake ba waɗanda aurensu bai cika shekara biyu ba, bankuna suna ɗaukarta a mazauniyar dindindin, kuma dokokin da za a bi da ita kusan iri ɗaya ne da na ɗan ƙasa. Idan katin ya ƙare kun riga kun tura fom I-751 na cire sharaɗi, ai za a aiko muku da takardar shaida I-797 wadda ke ƙara wa katin wata 48, toh ku haɗa tsohon katin da wannan takardar ku miƙa tare, kar ku miƙa katin shi kaɗai ma'aikacin banki ya ga kwanan wata ya wuce ya ture fayil ɗin gefe. Idan kuwa da bizar K-1 ta shigo, wato bizar da ake ba wadda za a aura, an ɗaura aure cikin kwana 90, kun tura fom I-485 na neman girin kad kuna jira, abin da ke hannunta katin izinin aiki ne kawai, nan ne lamarin ya ɗan yi tsauri. Da can bashin FHA, wanda gwamnati ke tsaya wa, yana karɓar irin waɗannan, amma daga 25 ga Mayu 2025 ma'aikatar gidaje ta HUD ta rufe wannan ƙofar, yanzu sai ɗan ƙasa ko mai girin kad. Mutane da yawa ba su san da wannan canjin ba suna ta ba juna tsohuwar shawara a masallaci. Abin da ya rage shi ne bashin da ke bin tsarin Fannie Mae da Freddie Mac, manyan kamfanoni biyu masu sayen bashin gidaje daga hannun bankuna, su har yanzu suna karɓar wanda ke zaune bisa ƙa'ida ko da ba shi da girin kad, sai dai kowane banki yana ƙara nashi sharaɗin a kai, wani ya karɓa wani ya ce a'a, saboda haka tun a wayar farko ka faɗa musu ainihin takardar da take riƙe da ita kar ku ɓata wa juna lokaci.

Wadda ba ta da lambar soshal, wato Social Security, sai lambar haraji ta ITIN, akwai ƙananan bankuna da ƙungiyoyin adashin ma'aikata masu ba da bashi da ita, amma kuɗin kafin alƙalami ya fi yawa kuɗin ruwa ma ya fi tsada. Wadda kuma har yanzu tana gida tana jiran intabiyu a ofishin jakadanci, ka nemi bashin kai kaɗai shikenan.

Dan Allah abu ɗaya a nan. A fom ɗin neman bashi, fom 1003, akwai wajen da aka tambaya ko kai ɗan ƙasa ne, ko mazaunin dindindin, ko mazaunin da ba na dindindin ba. Ku karanta wannan layin da idonku kafin ku sa hannu, saboda sau da yawa dillalin bashi ne ke cike fom ɗin a kwamfutarsa yana sauri. Idan aka zaɓa mata 'yar ƙasa alhali ba ita ba ce ta kuma sa hannu, ƙarya a fom ɗin banki laifi ne na tarayya, sannan a wajen jami'an shige da fice da'awar zama ɗan ƙasa na daga cikin abubuwan da ke iya rushe wa mutum takardunsa gaba ɗaya. Gida bai kai wannan ba.

Sai maganar makin kiredit, kuma gaskiya nan ne mafi yawan hukuncin yake. Duk amanar da mutum ya riƙe a gida, duk bashin da ya biya a bankin Najeriya ko Nijar ko Gana, ba ya biyo shi nan, kamfanoni ukun da ke ajiye tarihin biyan bashi, Equifax da Experian da TransUnion, ba su san shi ba. Makin FICO daga 300 yake zuwa 850, kuma ba ya fitowa sai mutum yana da aƙalla asusu ɗaya da ya yi wata 6 a buɗe. Banki zai ciro maki uku na kowannenku ya ɗauki na tsakiya. A ce naka 710 da 735 da 750, na tsakiya 735 kenan, nata kuma 610 da 640 da 655, na tsakiya 640. Idan kuka shiga bashin tare, wajen yanke farashin kuɗin ruwa ƙaramin ake dubawa, wato 640, naka mai kyau ɗin bai cece ku ba. A bashin shekara 30 ɗan bambancin da kake rainawa a wata yana taruwa ya zama dubban daloli.

Toh me zai sa a saka ta? Albashinta. Banki yana lissafin kashi nawa na kuɗin da ke shigo muku a wata ke tafiya wajen biyan bashi, har da na sabon gidan da harajinsa da inshorarsa, kuma da yawa ba sa son ya wuce kashi 43 cikin ɗari, wasu su kai 50 idan sauran fayil ɗin na da ƙarfi. A ce kana samun dala 6,000 a wata kafin cire haraji, kashi 43 ya kama 2,580, ka cire 450 na mota da 100 na katin bashi, saura 2,030, iyakar abin da za su yarda ka riƙa biya wa gida kenan. Idan tana aiki tana samun 2,500 kuka haɗa ya zama 8,500, sai abin ya tashi zuwa 3,105. Kaga a gari mai tsadar gidaje wannan shi ne bambancin samun gida da rashinsa. Saboda haka shawarata, ka sa ma'aikacin banki ya buga maka lissafin sau biyu, ɗaya kai kaɗai ɗaya ku biyu, ka ajiye takardun gefe da gefe ku duba. Idan albashinka kaɗai ya isa kuma makinta bai nuna ba tukuna, ka ɗauki bashin kai kaɗai. Idan ba ta aiki ma ai babu abin da shigarta bashin zai ƙara sai ɗora mata nauyi. Kuma doka ta hana banki tilasta maka sai matarka ta shiga bashi idan kai kaɗai ka cancanta, ko da yake a wasu jihohin za ta sa hannu a wasu takardun da suka shafi gidan kansa.

Waɗanda ke zaune a Tekzas, Kalifoniya, Arizona, Nebada, Washinton, Aidaho, Luwiziyana, Niyu Meziko da Wiskonsin ku lura, a waɗannan jihohi 9 doka na ɗaukar abin da aka samu cikin aure a na ma'aurata biyu, don haka a bashin FHA za a ƙirga bashin da ke kanta ko da ba ta shiga ba.

Idan ba gaggawa kuke ba, ni inaga mafi alheri ku ba kanku shekara guda ku gina mata suna. Da zarar lambar soshal ta fito ku je ku buɗe asusun banki na haɗin gwiwa. Ka saka ta a tsohon katin bashinka wanda ba ka taɓa makarar biya ba a matsayin wadda aka ba izinin amfani, tarihin katin yakan hau kan sunanta. Sannan ta buɗe nata na kanta, irin wanda ake ajiye dala 200 ko 300 jingina a ba ka kati daidai da kuɗin, ta riƙa cefane kaɗan da shi tana biyewa duka kowane wata kafin ranar ta cika, kar ta riƙa cika shi taf. Ka saka sunanta a takardar haya, a takardar wuta ko ta intanet, kuma ku riƙa biyan haya ta banki ba hannu da hannu ba, saboda wanda ba shi da maki akan karɓi shaidar biyan haya na wata 12 da irin waɗannan takardun a madadinsa. Waɗannan takardun dai su ne jami'an shige da fice za su nema ranar cire sharaɗin girin kad don su tabbatar auren na gaskiya ne, kaga jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Maganar aiki kuma, banki na son ganin tarihin shekara 2, amma ba lallai a waje ɗaya ba, kuma mai albashi tsayayye da bai jima da farawa ba yakan wuce idan ya nuna takardar ɗaukar aiki da shaidar karatu ko aikin da ya yi a baya. Za su nemi takardar albashi ta kwana 30, W-2 na shekara 2, wato takardar da wajen aiki ke bayarwa mai nuna albashi da harajin shekara, da bayanan asusun banki na wata 2 kowane shafi har wanda babu komai a jiki. Masu tuƙa Uber da masu shago da masu kitso da ɗinki a gida, ku naku daban ne, takardar haraji ta shekara 2 za a duba, kuma abin da ya rage bayan an cire kashe kashe shi ne kuɗin shigarka a idon banki. Na san yadda ake yi, lokacin haraji mutum ya zauna da mai cike fom a cire mil mil na mota a cire waya a cire komai har ya zama a takarda bai samu ko dala 20,000 a shekara ba, ya ji daɗi bai biya da yawa ba, ranar da ya je neman gida kuma a ce masa kai ai ba ka da kuɗin shiga. Haka matar da ke kitso tana karɓar tsabar kuɗi ba ta rubutawa, duk yawan kwastomominta banki bai san da su ba. Idan kun san gida kuke so nan da shekara 2, daga harajin bana za ku fara gyarawa.

Yanzu kuɗin kafin alƙalami. Ba dole sai kashi 20 ba kamar yadda ake yaɗawa. FHA na karɓar 3.5 idan maki ya kai 580, tsarin HomeReady da Home Possible na karɓar kashi 3 ga masu matsakaicin samu. Gidan dala 300,000, kashi 3.5 ya kama 10,500, kashi 20 kuwa 60,000. Abin da za ka sani shi ne ƙasa da kashi 20 za a ƙara maka wata inshora a wata wata wadda banki take karewa ba kai ba, a bashin da ba na FHA ba kana iya neman a cire ta idan abin da ake binka ya sauko kashi 80 na darajar gidan. Ban da wannan akwai kuɗin rufe ciniki, kashi 2 zuwa 5, wato 6,000 zuwa 15,000 a wannan misalin, mutane da yawa suna mantawa da shi.

Inda mu muke shan wahala ba rashin kuɗin ba ne, nuna inda ya fito ne. Mai tantance fayil zai bi bayanan asusunka layi layi, ya ga dala 8,000 ta faɗo rana ɗaya ya ce daga ina, kai kuma ka ce kwasar adashe ce ko surukinka ne ya sayar da fili a gida ya turo ta hannun wani ɗan canji. Kuɗin da ba shi da takarda cire shi za su yi daga lissafi kamar babu shi. Adashe ba haramun ba ne a wajensu, dokokin Fannie Mae da na FHA duk sun san da shi, amma sai ka nuna kana zubi a kai a kai, saboda haka ka riƙa zubin ta Zelle ko cek ba da tsabar kuɗi ba, uwar adashe kuma ta rubuta muku takarda mai sunayen 'yan zubi da adadi da ranar kwasa. Kuɗin da zai taso daga gida a turo shi banki zuwa banki da sunan mai turowa, ku ajiye rasit, idan fili aka sayar ku ajiye takardar cinikin, wadda aka rubuta da Faransanci ko Hausa ko Larabci a fassara ta. Idan kyauta ce daga iyaye ko yaya akwai takardar kyauta da za su sa wa hannu cewa ba rance ba ne ba za a biya ba, kuma kar a rubuta kyauta alhali rance ne. Wanda ya riƙo kuɗi a jaka ya sani duk abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana shi a filin jirgi, rashin bayyanawa na sa a ƙwace. Mafi sauƙi duka, kuɗin ya shigo ya kwana a asusunku wata 2 zuwa 3 kafin ku nemi bashin.

Wani ƙaramin abu mai riƙe fayil sati da sati shi ne suna. Fasfo ya ce Aichatou, katin soshal ya ce Aishatu, banki ya rubuta Aisha, takardar aure kuma da sunan mahaifi, lasin tuƙi da sunan miji. Ku fito da duk takardun ku shimfiɗa a tebur ku duba harafi harafi tun yanzu, abin da za a gyara a gyara.

Na san da yawanmu abin da ya tsaye musu a rai riba ce, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kamfanoni masu tsarin Musulunci, Guidance Residential suna yin musharaka, ku sayi gidan tare kana sayen kasonsu kaɗan kaɗan kana biyan kuɗin amfani da ragowar, akwai UIF daga Mishigan, akwai Devon Bank a Shikago masu murabaha, wato su sayi gidan su sayar maka da ƙarin kuɗi sananne kana biya kaɗan kaɗan. Malamai sun yi magana a kansu kuma fahimta ta bambanta daga kwangila zuwa kwangila, ka karɓi kwangilar ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa wanda ya san yadda ƙasar take. Abin da nake so ka gane kawai shi ne su ma za su nemi maki da takardun zama da tarihin aiki da asalin kuɗi kamar kowa, duk shirin da na lissafa sai ka yi shi.

Toh takardar mallaka. Ra'ayina a fili yake, idan da guminta a gidan, ko albashinta ne ke riƙe cefane kai kana biyan banki, ko gwal ɗinta aka sayar aka cika kafin alƙalami, ka saka sunanta, kuma ka faɗa wa kamfanin da ke haɗa takardun tun kafin ranar sa hannu don a rubuta tun farko. Baiwar Allah ta baro iyayenta da danginta ta zo ƙasar da ba ta san kowa ba sai kai, idan ta Allah ta kasance gobe bai kamata ta tsaya gaban kotu da yara tana neman inda za ta zauna ba. Sai dai ku san irin mallakar da kuka zaɓa. Akwai wadda idan ɗaya ya rasu gidan gaba ɗaya ya koma na ɗayan kai tsaye ba tare da rabo ba, wannan kuma ba haka rabon gado yake a Musulunci ba, musamman mai iyaye a raye ko mai 'ya'ya da wata matar a gida, ga shi dokar Amurka mata ɗaya ta sani. Akwai kuma wadda kowa ke da kasonsa sananne, rabi da rabi ko yadda kuka yarda, kason mamaci ya tafi ga magadansa bisa wasiyyar da ya rubuta. Ku zauna da lauya da malami ku rubuta wasiyya, kuɗin lauyan bai kai rigimar da za a bar wa iyali ba. Ke kuma 'yar'uwa, idan aka ce ki sa hannu a bashin, ki sani bashin duka yana kanki ba rabi ba, ko aure ya mutu banki bai san saki ba, don haka kar ki yarda ki shiga bashi sunanki bai shiga mallaka ba, kuma duk takardar da ba ki gane ba ki ce a yi miki bayani kafin ki taɓa biro.

Idan kun shirya, kar ka tsaya a banki ɗaya. Ka nemi uku ko huɗu cikin sati biyu, binciken maki na neman gida da aka yi kusa kusa ana ƙirga shi a matsayin ɗaya. Kowannensu dole ya ba ka takardar ƙiyasin bashi cikin kwana 3 na aiki, fasalinta iri ɗaya ne ko'ina don a iya kwatantawa. Wajen yanke abin da za ku iya biya kuma kar ka bi iyakar da banki ya ba ka, shi bai san kana tura wa Inna kuɗin abinci duk wata ba, bai san kuɗin makarantar ƙanne ba, bai san tikitin zuwa gida ba, kai ka sani, ka cire su tukuna. Ka biya a duba lafiyar gidan, rufi da bututu da na'urar ɗumama ɗaki, kar ka tsallake wannan don rowar 'yan ɗaruruwa.

Daga ranar da aka amince zuwa ranar karɓar makulli ku daskare. Kar a canza aiki, kar a ɗauko mota, kar a je a kwaso kujeru da gado da firij bashi don amarya za ta shiga sabon gida, ana sake duba maki dab da ƙarshe kuma ciniki na rushewa a kan haka. Aƙalla kwana 3 na aiki kafin sa hannu za a ba ku takardar ƙarshe, ku gwada ta da ta farko. Ranar tura kuɗin kuma akwai 'yan damfara masu aiko imel kamar daga kamfanin takardu suna cewa lambar asusu ta canza, kar ka tura ko sisi sai ka kira lambar wayar da ka riga ka sani ka ji daga bakinsu.

Idan aka ƙi ku, dole banki ya sanar da ku cikin kwana 30 kuma kuna da haƙƙin sanin dalili a rubuce, ku karɓa don shi zai nuna muku abin gyara. Banki na da damar duba irin takardar zaman mutum, amma dokar ba da bashi daidai ta 1974 da dokar gidaje ta 1968 sun hana a ƙi ku saboda launin fata ko addini ko ƙasar da kuka fito, idan kun ga alamar haka ku kai ƙara wajen CFPB, hukumar tarayya mai kare masu hulɗa da bankuna, ko HUD. Akwai kuma masu ba da shawarar sayen gida da HUD ta amince da su a kusan kowane babban gari, kyauta ko da kuɗi kaɗan, ku je ku biyu da takardunku su duba muku kafin ku sake nema.